Gada a Kan Busasshen Yashi

Mujitaba ya jingine babur ɗinsa a bakin gaɓa, ya gangara cikin rafin da fayil a hammata. Shekara uku yana saka wannan gada a cikin daftarin kasafin kuɗi, sau biyu ana soke ta. Bana majalisa ta amince. Abin da ya rage shi ne ya sa hannu, a matsayinsa na jami'in tsare-tsare, cewa wurin da aka auna ya dace, ɗan kwangila ya fara aiki. Ƙauyensu ne, can bayan Burumburum, kuma kowa ya san shi ya tsaya kai da fata.

Turakun masu awo suna nan a kafe cikin yashi. Amma tun ranar da ya ga taswirar zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya kuma kasa gane dalili.

"Me ka yar a yashi kake ta dube-dube, Malam na ofis?"

Gwaggo Balaraba ce, ƙanwar mahaifinsa wadda ta raine shi, ɗauke da ƙwaryar daddawa za ta kasuwa. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Gwaggo, nan za a yi muku gada."

"Nan?" Ta sauke ƙwaryar, ta yi dariya har da riƙe ƙugu. "Wa ya nuna musu nan?"

"Injiniyoyi ne suka auna."

"Da rani suka zo, ai na gan su. Sawun babura suka biyo. Ɗan nan, yau shekara shida ruwa bai bi ta nan ba. Ya koma ta bayan gonar Idi, can yake yanke mu. Nan ko a tsakiyar damina ba ya wuce idon sawu."

Ya ɗauki ƙwaryar, ya bi ta suka zagaya. Ga kwarin nan da ruwa ya haƙa, zurfinsa ya shanye tsayin mutum. Shekara shida ke nan rabonsa da zuwa gida da damina. Sai hanya ta bushe yake zuwa, kamar injiniyoyin.

"Gwaggo," ya ce a hankali, "in na ce a sake awo, shekara za ta ƙare ba a fara ba. Kuɗin zai koma asusun gwamnati. Baɗi kuma ba ni da tabbas."

"In ka sa hannu fa?"

"Za a gina ta a can."

"To, awaki za su sami inuwa." Ta gyara gammonta. "Ɗora mini, kasuwa tana ci. Kuma ka rame. In ka gama tunanin naka ka biyo ka ci tuwo."

Ya ɗora mata ƙwaryar. Ya daɗe yana kallonta tana gangara kwarin a karkace, hannu ɗaya dafe da gaɓa, har ta haura.

Ya zauna a kan dutse, ya buɗe fayil ɗin a gwiwarsa. Ya rubuta cewa wurin bai dace ba, a sake awo a watan Agusta tare da matan da suke ƙetare rafin. Ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata.

A ƙofar gidan mai unguwa ya tarar da rago a ɗaure, wanda aka saya don walimar aza harsashin gadar. Ya shafa kan ragon, ya cire takalminsa, ya yi sallama.