Jujin Baba Dabo

"Sassauta hannunka, Baba. Ba ƙotar fartanya ka riƙe ba."

Baba Dabo ya sassauta riƙon da ya yi wa linzamin kwamfutar, sai kibiyar ta zille ta haye can saman allo. Ya bi ta da ido, ya girgiza kai.

"Wannan kibiyar ba ta da tarbiyya," ya ce.

"Hannunka ne yake rawa."

"Hannun da ya ɗauke ka ranar sunanka? Da rawa yake yi ai da tun ranar ka sha ƙasa."

Ni ne Muntaka, mai shagon cajin waya a bakin masallacin ƙauyenmu, kan hanyar Dawakin Tofa. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Baba Dabo, kuma tuwon matarsa Inna Barira na ci na girma, Allah ya jiƙanta. Kowa ya san ba ni da haƙuri. Ko ƙanina na koya wa abu bai gane ba, sai ya ji a kunnensa. Amma wa zai yi wa Baba Dabo tsawa? Sai in haɗiye, in ce mu sake.

Autansa Abdulkabir, wanda yake aiki a birni, shi ya kawo kwamfutar. Tsohuwa ce, irin ta kan tebur, ya haɗa mata sola ya ajiye a ɗakin tsohon domin jikoki su koya. A cikinta ya zuba wani ɗan bidiyo da aka ɗauka ranar wani suna. Inna Barira ce a tsakar gida ta ba da baya tana tuƙa tuwo, sai wani ya kira ta, ta juyo tana dariya. Iya abin ke nan. Ita kuwa duk rayuwarta ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba, wayar da aka ɗauki bidiyon da ita kuma tuni ta faɗa rijiya. Fuskar Inna Barira ba ta saura ko'ina a duniya ba sai cikin akwatin nan.

Ranar da Baba Dabo ya fara zuwa shagona, sai da ya zagaya ni da zancen ruwan bana da tsutsar da ta ci wake, sannan ya rage murya.

"Muntaka, in mutum yana son buɗe abu a na'urar nan ba tare da ya kira yaro ba, abu ne mai wuya?"

Nan take na gane. Dattijo kamarsa ba zai iya buɗe baki ya ce wa jika, kunna mini in ga kakarka ba. Kunya ba za ta bar shi ba. Na ce masa ba wuya, bayan la'asar zan shigo.

Ashe da wuya. Kunnawa kaɗai sai da muka sha fama, domin da ya danna maɓalli bai ga komai ba sai ya sake dannawa. Na ce ya riƙa jira ta gama farkawa. Ya ce to, ai ko jaki sai ya yi miƙa kafin a ɗora masa mangala. Danna linzami sau biyu a jere kuwa ya gagara, kafin ya yi na biyu hannu ya goce. Dole na sauya masa dabara: ya danna sau ɗaya, in abin ya yi shuɗi sai ya buga babban maɓallin da ake kira Enta. Ya koyi rufe abin da ya buɗe a allo, ya koyi jan abu daga wannan gefe zuwa wancan, ya koyi kashewa ta hanyarta maimakon zare waya daga bango. Ranar da ya buɗe bidiyon da kansa, sai na ce masa na bar shago ba kowa, na fita na ja masa ƙofa.

Wata rana ya nuna ɗan hoton da ke kusurwar allo. "Wannan kwandon fa?"

"Kwandon shara ne. Abin da ba a so, nan ake jefawa."

"In an jefa ya tafi?"

"A'a, yana nan. In kana so sai ka dawo da shi." Na jefa hoton wani rago a ciki, na nuna masa yadda ake maido shi.

Fuskarsa ta washe. "Ka ce juji ne. Ashe masu ƙera ta manoma ne."

Na yi dariya na wuce. A ƙasarmu gona a jikin gona take, ba ta hutawa, taki ne ranta. Shara a wurinmu ba abin yarwa ba ce. Toka, kashin awaki, kararen da suka ruɓe, duk a juji ake tara su bayan gida, in bazara ta zo a kwashe a kan jaki a kai gona. Ba mai taɓa jujin wani. Baba Dabo ya taɓa yin shekara ba ya gaisawa da wani maƙwabci saboda ya ɗibar masa taki kwando guda.

Abin da ya biyo baya, daga baya na ji shi. Jikokin sun gano bidiyon, suka riƙa kunnawa suna tsokanarsa, "Kaka, ga budurwarka tana maka dariya." Wasan jika da kaka ne, amma abin ya dame shi. Sai ya ja bidiyon ya jefa a kwandon. Kullum da hantsi, in yara sun tafi makaranta, sai ya maido shi ya kalla, ya sake mayarwa. A ganinsa babu wurin da ya fi nan tsaro.

Bayan an gama yankan dawa ciwo ya kwantar da shi. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa nauyi. Abdulkabir ya zo ya kai shi asibiti, aka ba su magani aka ce su koma gida su kula da shi. Mun san ma'anar wannan maganar.

Wata safiya aka aiko in zo. Na tarar da shi a kan kujera gaban kwamfutar, Abdulkabir yana tsaye da kofin kunu.

"Muntaka, duba mini. Jujin ya zama fili."

Na duba, kwandon wayam.

"Ai ni na share, Baba," in ji Abdulkabir. "Nauyi take yi, shi ne na kwashe tarkacen, na zuba wa yara wasu karatuttuka. Akwai abin da kake nema ne?"

"Babu," in ji Baba Dabo. "Kama ni in kwanta."

Ya kwanta ya juya fuskarsa bango, kunun ma bai sha ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ja Abdulkabir zaure.

"Kai da ka ga juji a gidan mutum sai ka kwashe ba tambaya? Inna ce a ciki."

Ya dube ni, ya ce, "Me ya kai ta kwandon shara?"

"Kunya ce ta kai ta. Akwai wani bidiyon a wurinka?"

"Wannan ne kaɗai, Yaya Muntaka." Ya zauna a kan dakali ya dafe kai. Sai kuma tausayinsa ya kama ni, domin shi ma uwarsa ce.

Ban buɗe shago ba ranar. Na naɗe akwatin kwamfutar a bargo, na ɗaure a bayan babur, sai birni wurin abokina Naziru mai gyara. Ya ce abin da aka share yakan bar sawu, in ba a zuba wani abu a kansa ba. Na ce an zuba. Ya ce to sai abin da Allah ya yi. Na zauna a bencinsa ina jin kiran azahar, ina jin na la'asar, duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai in zaci labarin tsohon ne. Da ya gama, sai ya kunna mini. Rabin farko ya dawo lafiya. Ga Inna Barira ta ba da baya, ga muciya a hannunta, ga muryar mai kiranta. Ta fara juyowa, gefen kuncinta ya fito, sai hoton ya tsaya cak.

"Sauran an taka shi," in ji Naziru. "Ko Bature ba zai dawo da shi ba."

Duk hanya ina tunanin yadda zan faɗa masa. Da na isa, na haɗa wayoyi, muka matso da tebur bakin gado, Abdulkabir ya tallafe shi ya zaunar.

"Baba, an samu, amma bai cika ba."

"Matso mini da linzamin."

Na kai hannu zan buɗe masa, ya ture ni. Ya lallaɓa kibiyar a hankali har ta hau kan bidiyon, ya danna sau ɗaya, ya buga Enta. Ƙarar muciya a tukunya ta cika ɗakin. Abdulkabir ya yunƙura zai fita domin ya ba shi wuri, sai tsohon ya riƙe masa riga.

"Zauna. Uwarka ce."

Muka kalla har inda hoton ya tsaya. Baba Dabo ya daɗe yana duban gefen kuncin nan. Abdulkabir ya ce, "Ka yafe mini, Baba."

"Me ka yi? Haka take tun tana amarya. In ta san ana kallonta ba ta juyowa duka." Ya ɗan yi murmushi. "Sauran ina da shi."

Ya sake buga Enta. Ranar ya sha kunu, har ya tambaye ni ko an ɗaure masa karan dawa.

Bai daɗe ba bayan haka. Wata ranar Alhamis da hantsi ina shirin fita shago na ji salati ta kan katanga, na san an yi. Muka yi masa sutura, muka kai shi maƙabartar da ke bayan kukoki, ba nisa da inda aka sa Inna Barira. Na yi kuka a hanyar dawowa, ban kuma ɓoye ba. Har yau in la'asar ta yi sai in ji kamar akwai inda ya kamata in je.

Bayan addu'ar uku, da mutane suka ragu, na shiga gidan in kwashe tabarmin da muka ara a masallaci. Ƙofar ɗakin tsohon a buɗe take, ƙarar muciya tana fitowa a hankali. Abdulkabir ne zaune shi kaɗai a kan kujerar, bai ji shigowata ba. Hoton ya kai inda yake tsayawa. Sai na ga ya karkata kansa gefe, yana leƙa bakin allon, kamar zai hango sauran fuskar.