Ƙuri'ar Hansai

Malamin zaɓen ya juya katin Hansai gaba da baya, sannan ya miƙo mata abinta. Cikin ladabi ya ce ba a wannan rumfa ta Doka za ta jefa ƙuri'a ba, sai can Rigasa inda aka yi mata rajista. Ta tuna kuwa, tana gidan 'yarta Ladidi wajen jego masu rajistar suka zo. Ta ce ai Doka da Rigasa mazaɓa ɗaya ce, ta fi kowa sani. Ya ce wannan a da ne, Hajiya, yanzu an raba.

Mijinta, Malam Datti, yana layin maza, saura kaɗan a zo kansa. Kafin sojoji su karɓi mulki, sau biyu ya tsaya takarar majalisa a tsohuwar mazaɓar. Karon farko ya sha kaye sosai, karo na biyu da ƙyar aka kayar da shi. Duk Hansai ce ta tuƙa tuwon magoya baya, ta bi gida-gida tana roƙon mata su shawo kan mazansu, don a lokacin matan Arewa ba su da ƙuri'a. Sai bana, alif ɗari tara da saba'in da tara, ga ta riƙe da katinta na zaɓen majalisa.

Da ya ji yadda aka yi, sai ya ce shi zai goya ta zuwa Rigasa. Ya fice daga layi, ya jawo kekensa.

Motocin haya sun yi wuya ranar, ga ruwan jiya ya ɓata hanya. Inda taɓo ya yi yawa sukan sauka su tura. Yana haki yana nuna mata wurare: gindin wancan mangwaro ya yi lacca, unguwar nan kuwa kaf ta bi shi. Wani tsohon tela ya gane shi, ya miƙe daga bakin shago ya ɗaga masa hannu. Hansai ta gyara zama a bayan keken, ta daina rufe fuska da gyale don kunya.

Sun isa ana shirin tashi. Ta shiga, ta dangwala yatsa, ta jefa da hannunta. Sai da ta fito ta ga rana ta yi sanyi, ta gane ko tashi sama za su yi ba za su tarar da rumfar Doka a buɗe ba.

"Malam, taka ƙuri'ar fa?"

"Tawa na jefa ta a baya, kin ga inda ta kai ni. Mu gwada taki."

Ta dubi taɓon da ya yi wa wandonsa kaca-kaca har gwiwa. Ta karɓi keken daga hannunsa, ta ce ya bari ya huta, ita za ta tura.