Ranar da Junior Ya Koyi Cafe Ƙwallo

Da ƙanena Curtis ya rasu, bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari shi ne wata akwalar mota, sai Junior.

Junior ɗan wasa ne a cikin kwamfuta, a wata gasar intanet ta ƙwallon da ake jefawa da hannu, da Curtis ke yi da abokansa na masana'antar taya a nan garin Toledo. Aikinsa ya sheƙa da gudu ta gefen fili, a jefo masa ƙwallo ya cafe. Ba kai kake buga wasan ba. Duk mako a ba ka makin horo ka zuba inda ka ga dama, gudu ko tsalle ko hannu, sai kwamfuta ta buga, kai kuwa ka zauna kana kallo.

To, Curtis akwai taurin kan tsiya. Duk makin da ya samu, gudu. Junior zai bar masu tsaro a baya suna haki, ƙwallo ta zo masa daidai ƙirji, ya zubar da ita. Abokai su yi ta tsokana wai an shafa wa yaron man shanu a hannu, shi kuma ya ce su dai kalli gudun.

Kowace Lahadi bayan coci, idan an gama da kaza da burodin masara, Curtis yakan buɗe wa Mama wasan a teburin cin abinci. Ba ta san dokokin ba, zubarwar kawai take jira. Sai ta yi dariya har da hawaye, ta ce jikanta ya ɗauko ubansa sak, don ba farantin da Curtis bai fasa mata ba yana yaro. Bayan mun binne shi, ni na gaji buɗe kwamfutar. A nan kaɗai nake jin dariyar Mama.

Sai Dwight, mai ƙungiyar da Junior ke yi wa wasa, ya kira ni yana ta kame-kame. Wai a wasan 'yan wasa suna tsufa, gudun Junior ya fara zubewa, kuma a shekarunsa ko an zuba maki a gudu ba ya kamawa. Sauran mutane sun yi haƙuri don Curtis, amma sun gaji da shan kashi. Idan yaron bai fara cafe ƙwallo ba dole a sallame shi, kuma tsohon da aka sallama kwamfuta ritaya take yi masa, ta share shi.

Na zage shi tas. Da na huce na ga ba laifinsa ba ne, kuma ba wanda zan kai wa kuka. Na kwashe makin da na tara na zuba a hannu. Maki kuwa in ka zuba, ya zubu ke nan.

Ran Lahadi Mama ta gyara tabarau, ta matso da kujera. Aka jefo ta farko, Junior ya cafe. Aka sake jefowa, ya cafe. Yana ɗan gudunsa a natse irin na dattijo, ko ɗaya bai zubar ba. Ina ta satar kallon Mama.

"Wendell," ta ce, "wannan ɗan waye?"

Na shiga yi mata bayanin tsufa da sallama da ritaya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta cire tabarau ta ninke.

"Rufe, ɗana. Na gode."

Lahadin da ta biyo ba ta tambaya ba. Ta kwashe kwanuka, ta ce kanta ke ciwo, ta shige ɗaki.

Dwight ya turo saƙo yana murna, wai Junior ya samu wuri har kakar wasa mai zuwa. Ni kaɗai nake kallonsa yanzu, kuma Allah ya sani, ni ma ban gane shi ba.