Minti Bakwai Kafin Ƙararrawa

Shivanna na riƙe da ƙararrawar tagulla, agogo a kan gwiwarsa, amma idonsa na kan Puttaraju.

Shekara goma sha tara ke nan yana koyon yoga a wannan makaranta ta birnin Mysuru. Shi ke buga ƙararrawar tashi daga zaman tattara hankali, shi ke koya wa ma'aikatan banki yadda ake sauke damuwa da numfashi. Puttaraju kuwa ɗan baffansa ne, direban bas, wanda hawan jini ya koro nan wata shida da suka wuce. To ga shi ya rufe ido ya zauna ƙyam, ƙuda na yawo a leɓensa, ko gezau. Kuma yau Guruji, dattijon malaminsu, zai faɗi mutum ɗaya da zai tafi da shi halwar kwana arba'in a kan dutse.

Hassada ce, Shivanna ya san sunanta. Tana cikin shingayen zuciya da yake karantar wa ɗalibai duk Talata. Sanin bai hana ta cin sa ba. Da ya ga Guruji ya kalli Puttaraju ya yi murmushi, sai kawai hannunsa ya kaɗa ƙararrawar, saura minti bakwai.

Kowa ya buɗe ido. Puttaraju ya miƙe ƙafa yana nishi.

"Yaya, ka ceci rai!" in ji shi. "Gwiwar nan kamar ana soka mini ƙusa. Tun da na zauna nake roƙon ka buga abin nan."

"Ba ka ji ƙuda a bakinka ba?" Shivanna ya tambaya.

"Na ji mana! Tsoron idonka ne ya hana ni korar sa. Kai dai ka huta, Yaya. Kullum ina cewa da ma ni ne kai."

Aka kwashe da dariya. Guruji bai taɓa ɗaura agogo ba, amma ya miƙo hannu a hankali, ya karɓi ƙararrawar.

"Minti bakwai, Shivanna. Ina ka kai su?"

Shivanna ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi.

"Shi da gwiwarsa yake kokawa, har na ji tausayinsa," in ji tsohon. "Kai da wa kake yi? Kai na yi niyyar ɗauka bana. Amma a dutse babu wanda za ka kalla, kuma ban ga ka shirya ba. Bari mu ga baɗi."

Ya ɗora ƙararrawar a tafin Puttaraju, ya ce daga yau aikinsa ne, sannan ya ce a koma a cika minti bakwai ɗin.

Shivanna ya harɗe ƙafa, ya rufe ido, karo na farko cikin shekaru masu yawa da ba shi ke gadin agogo ba. A cikin duhun ma, fuskar Puttaraju ya gani.