Kitson Wayoyin Alkasum

A shekarar dubu biyu da huɗu, a bayan tashar Birnin Konni, akwai wani mai gyaran rediyo, Alkasum. Shi ya haɗa akwatin wasa da hannunsa, irin wanda ake tsayawa a gabansa ana danna maɓallai, mutum biyu suna dambe a cikin gilashi. Kafinta ya yi masa gidan katako tsawon mutum, ya zaunar da tsohuwar tele, wato talabijin, a ciki, sandar da ake juya mutumin da ita kuwa kan giyar wata matacciyar mota ne. Nakan je in zauna ina kallon mutanen nan biyu, har yau ban san abin da ya haɗa su faɗa ba.

Matsalar tana ƙarƙashin allon maɓallan. Naɗi ɗaya na baƙar waya Alkasum ya sayo, ya yanka ta gida ashirin da huɗu. In an ɗaga murfin sai ka ce taliya ce ta kwana a tukunya. Da an danna da ƙarfi sai waya ta fice, a mai da ita inda ba wurinta ba. Ka danna naushi, mutuminka ya tsuguna. Ka ja hagu, ya yi tsalle ya faɗa hannun abokin gaba.

Mahaifinsa, Malam Barmo, manomi ne a Tsarnawa, kuma ya gaji da jira.

"Ran Laraba in na zo kasuwa zan taɓa abin ga da hannuna," in ji shi. "In ya yi abin da na ce mishi, zamna. In ya ƙiya, ka rufe shago mu tai gona, damina ta kusa."

Ran Talata da hantsi yayarsa A'i, mai kitso, ta kawo masa fura. Ta tarar da shi kansa cikin akwatin, ƙafafu a waje. Ta leƙa, ta ga wayoyin, ta yi salati.

"Alkasum, wanga kai yaushe rabonshi da mataji?"

"Yaya, ba kai ba ne. Kuran ne, wutar lantarki. Ki matsa."

"Kai dai matsa. Na warware kan amaryar da ta yi wata uku da kitso ɗai, balle wanga."

Ta zauna a tabarma, ta aza allon a tsakanin gwiwoyinta yadda take aza kan mata, har da ce masa ya bar motsi. Ta tsaga wayoyin da tsinke, na hagu daban, na dama daban. Kowace ta bi ta da yatsa daga maɓalli har gindinta, ta ɗaure bakinta biyu da zare launi ɗaya: ja na naushi, kore na shuri, shuɗi na tsalle. Wayar da ke zagaya dukan maɓallan ta kwantar da ita a gefe kamar kitson goshi. Sauran ta kitse su uku-uku, ta bar ɗan sassauci don kada su ja. Alkasum yana biye yana ɗiga dalma. Da suka gwada, naushi ya zama naushi.

Ya fita sallar azahar yana murna. Ita kuwa A'i ba ta taɓa sallamar kai a bushe ba. Ta buɗe ɗan gwangwaninta, ta lakato man shanu, ta bi kowane layi ta shafe shi har yana ƙyalli, ta rufe murfin.

Ran Laraba Malam Barmo ya iso, mutane suka taru. Ya naɗe hannun riga, ya danna ja da yatsa ɗaya. Mutuminsa ya kai naushi. Ya ɗaure fuska, ya sake dannawa. Sai kiyashi suka fara fitowa ta gefen maɓallan, sahu-sahu, suka hau masa hannu.

"Mi ne ne haka? Kai! Kai!"

Ya shiga marinsu a kan allon da tafin hannun da ya shekara arba'in yana riƙon hauya. Kowane mari ya sauka a kan maɓalli uku. Mutuminsa na cikin gilashi ya haukace, naushi, shuri, tsalle, har ɗayan ya faɗi bai tashi ba. Ƴan kabu-kabu suka ɗauki ihu.

Alkasum ya ɗaga murfin. Ko waya ɗaya ba ta fice ba, sai ƙamshin mai da kiyashi suna bin layin kitso a natse.

"Baba, ka ga ya yi."

Malam Barmo yana karkaɗe riga, idonsa a kan gilashin.

"Ni na kada shi?"

"Kai ne, Baba."

"To, zamna. Sharo ƙwarin nan, ka tada mini shi. Na ga kamar bai yarda ba."