Yankan Mace

Salamatou na wanke ganyen latas a bakin famfo, Rafi'u direba ya leƙo kicin ya ce ta ara masa igiyar shanya.

"Mi za ka yi da igiya da sahen nan?"

Rafi'u bai yarda sun haɗa ido ba. Haifaffen Jidda ne, iyayensa Hausawan Sudan, kuma in yana jin kunya Hausarsa takan gudu ta bar shi da Larabci.

"Ammi ne, ya khala," ya ce, yana nufin maigida, ita kuwa khala, wato inna, yake kiranta. "Ya ce a ɗaure Kawu a ƙarshen lambu. Al-yom. Yau ne."

Kawu dai ba mutum ba ne. Ɗan gada ne namiji, tsayinsa bai fi na kyanwa ba, da ƙaho biyu kamar ƙaramin yatsa. Salamatou ce ta raɗa masa sunan, don bakinsa ba ya hutawa da tauna, kamar wani kawunta na Birnin Ƙonni da goro.

Abu Nawwaf, mai wannan katafaren gida na unguwar Abhur a arewacin Jidda, kayan gini yake shigowa da su, amma ba da siminti yake alfahari ba, da bangon falonsa ne. Duk shekara yakan tafi farauta can gabashin Afirka da kudancinta, inda ake biya a shiga daji a mota, masu nuna hanya na gaba. Abokansa ɓauna suke harbowa. Shi kuwa ya zaɓi ƙananan gadoji, wai su ke nuna gwanin maharbi tunda ganinsu ma aiki ne. Iri goma ake tarawa. Kawuna tara na jere a bango, an cusa musu auduga an sa musu idon gilas, Salamatou ke goge musu ƙura kullum. Gurbi na goma kuwa katako ne tsura. Ya yi ta zuwa neman gada ta goman yana dawowa da cizon sauro. A tafiyar ƙarshe ya buga wa abokansa waya ya ce ya harbo ta, kanta yana hanya. To, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ba a jima ba wani dillalin dabbobi ya kawo Kawu a kwali, ƙashi da fata, gashi duk ya zube, aka ce Salamatou ta yi kiwonsa har fatar ta yi kyau.

Tun ranar farko ta san inda kiwon zai ƙare. Sanin bai hana ta son shi ba. In ta fito da kwanon ganye yakan rugo a guje ya cusa hanci a tafin hannunta, ita kuma ta yi ta ba shi labarin mutanen gidan da Hausar Ƙonni, wadda ba mai ji a Abhur sai shi.

Ta ciro igiyar ta miƙa wa Rafi'u. Me za ta ce? Fasfonta da na 'yarta Mastura suna cikin durowar Abu Nawwaf tun rasuwar mijinta. Shi ne kafilinsu su biyun, wato mai tsaya musu a wajen hukuma, iƙamarsu, takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, kuma sa hannunsa kaɗai ke sabunta ta. Mastura a unguwar Karantina ta Jidda aka haife ta, ba ta taɓa ganin Nijar ba ko a mafarki. Wanda takardarsa ke aljihun wani ba ya ɗaga murya. Salamatou ta buɗe famfo har ƙarshe don kada ta ji.

Ta ji duk da haka. Ƙarar bindigar ba ta da girma, kamar murfin tukunya ya faɗi. Sai kuma wani kuka ya biyo baya, siriri, irin na jaririn da aka tsira wa allura. Ta jira ya tsaya. Bai tsaya ba.

A ƙarshen lambun an shimfiɗa busasshiyar ciyawa, an kafa reshen ƙaya, wai don hoto ya yi kama da daji. Abu Nawwaf na tsaye da kakin farauta da malafa, gumi na bin wuyansa, 'yar bindiga a hannu. Kawu na kwance a gefe, igiya a ƙafarsa ta baya. Maigida ya kauce wa wuya da ƙirji don kada fatar ta lalace, harsashin ya shiga ta ciki. Yana ja da ƙafafun gaba, yana faɗuwa, yana sake gwadawa.

"Kada wanda ya taɓa shi," in ji Abu Nawwaf da Larabci. "Mai ɗinkin fatar ya ce wuya da ƙirji su zo masa ba ko ƙwarzane. Zai mutu da kansa. In ya yi shiru ku kira ni a ɗauki hoto."

"Ammi, a yanka shi," Salamatou ta ce da nata Larabcin na kicin. "Rai ne. In ya mutu haka mushe ne."

"Ba don nama na harbe shi ba, ya Hajja. Koma aikinki."

Ya juya ya shige cikin sanyin falo, ya rufe ƙofar gilas. Shi ma, da alama, kukan bai yi masa daɗi ba.

Salamatou ta koma kicin, amma ba aikinta ta koma ba. Ta ɗauko wuƙar nama, ta wasa ta a gindin faranti, ta fito ta miƙa wa Rafi'u ta wajen ƙota.

"Ungo. Kai namiji na, ka yi abin maza."

Rafi'u ya ja da baya kamar an miƙo masa garwashi. "Wallahi ma agdar, ya khala. Ba zan iya ba. 'Ya'yana huɗu, kuma kin san takardata tana ina."

"Kana jin shi hwa?"

"Ina ji. Allah ya sani ina ji."

Ta bar shi ta nufi ƙofar gida, wajen Isha'aku mai gadi, dattijo mutumin Cadi. Shi ke yanka mata duk kazar da aka kawo da rai. Ta same shi ya ƙure rediyo, yana kallon titi kamar an ce masa ɓarayi na tafe.

"Malam Isha'aku, don girman Allah."

"Hajiya, ni ƙofa aka ba ni," ya ce, bai waiwayo ba. "Abin da ke bayan ƙofa ba nawa ba ne."

Ta tsaya a tsakiyar tsakar gidan da wuƙa a hannu, zuciyarta na tafasa. Shekarunta sun haura hamsin ba ta taɓa yanka ko tantabara ba. A Ƙonni mace takan riƙe kaza ta bi gida gida tana neman namiji, ko yaron da aka yi wa kaciya jiya ne. Uwarta ta sha faɗa mata cewa yankan mace mushe ne. A nan Jidda ta ji malamai suna cewa halal ne, ta ga matan Larabawa suna yi, amma abin da aka sha da nono ba ya fita da wa'azi. Ga maza uku a gidan, ɗaya ya ɓoye a sanyi, biyu sun ɓoye a bayan iƙama. Ita ma tana da iƙamar, har biyu. Ta tuna fuskar Mastura, ta tuna durowar nan.

Kawu ya sake yin kukan, wannan karon a shaƙe. Tura ta kai bango.

Ta durƙusa kusa da shi. Da farko ta kwance igiyar daga ƙafarsa, don ba za ta yanka ɗaurarre ba. Ta ɗebo ruwa a tafin hannu daga tiyon ban ruwa ta kai bakinsa. Ya lasa sau ɗaya, ya cusa hancinsa a hannun kamar kullum. Hawaye ya rufe mata ido, ta share da gefen mayafi, don wuƙa ba ta son makaho. Ta juya shi ya fuskanci gabas, inda Makka take.

"Yi haƙuri, Kawu. Bisimillahi, Allahu Akbar."

Ta riƙe kansa da hagu. Ta ja wuƙar sosai daga gefe zuwa gefe, yadda ta ga maza na yi shekara da shekaru. Lambun ya yi tsit.

Shirun ne ya fito da Abu Nawwaf, riƙe da kyamara. Ya zo yana gyara malafa, sai ya ga wuyan. Ya daɗe yana kallo. Fatar wuyan gada ba ta fi takarda kauri ba, kuma ba sai an gaya masa ba, ko wane gwani ya ɗinke ta, ɗinkin zai nuna daga ƙofar falo.

"Wa ya yi wannan?"

Rafi'u ya sunkuyar da kai. Salamatou ta miƙe, wuƙar na ɗiga.

"Ni ce, Ammi."

"Na ce kada a taɓa shi ko ban ce ba?"

"Ka ce. Na ji ka sarai."

"Kin san wahalar da na sha a kan dabbar nan?"

"Na san wadda shi ya sha," ta ce. "Kai ka harbe shi, ba wanda ya hana ka, naka ne. Amma ba za a bar rai yana kuka a gidan da nake dafa abinci ba, don a samu abin ratayewa."

Fuskarsa ta yi ja har kunne. Shekara goma sha tara tana gidan, bai taɓa jin ta faɗi abin da ya wuce "to, Ammi" ba.

"Halas," ya ce a hankali, kuma a hankalin ya fi tsawa ban tsoro. "Ba zan sabunta iƙamar ba. Ke da 'yarki, fita ba dawowa. Tattara kayanki, ki ɗauke mushenki daga gabana."

"Zan ɗauka. Amma ba mushe ba ne, Ammi. Yankakke ne."

Kayanta ba su cika jaka ɗaya ba. Ta naɗe Kawu a tsohon zane ta sa a leda. Da za ta fita ta bi ta falo, abin da ba ta taɓa yi da takalmi ba, ta dubi kawuna tara da katako na goma, ta wuce. Rafi'u ya biyo ta da mota a ɓoye ya kai ta babban titi. Da za ta sauka ya ce, "Samhini, ya khala. Ki yafe min."

"Tahi ka ga ɗiyanka," ta ce. Ba ta riƙe shi a zuci ba, amma ba ta yi masa murmushi ba.

Bas ɗin ya ratsa Jidda daga arewa zuwa kudu, manyan gidaje suna ƙanƙancewa, tituna suna matsewa. Tana zaune a baya da ledar a cinya. A nan tsoron ya same ta sosai. Me za ta gaya wa yarinyar da ta fi iya ƙirga da Larabci? A ina za su sauka a Ƙonni, garin da rabin mutanen da ta sani sun rasu? Ta tambayi kanta ko da za a mayar da safiyar za ta ajiye wuƙar. Ta nemi nadamar ko'ina a zuciyarta, ba ta same ta ba.

A tsakar gidan hayarsu na Karantina ta feɗe shi, ta ɗora 'yar tukunya da albasa da barkono. Naman duka bai kai na kaza biyu ba. Ƙamshi ya fito da Inna Mairo, tsohuwar da ke ɗakin kusa, da kwanonta a hannu.

"Naman daji nake ji? Rabona da shi tun ina amarya. Wa ya yanka?"

"Ni."

"Ke wa?"

"Ni Salamatou, da hannuna."

Inna Mairo ta janye kwanonta ta rungume a ƙirji. "A'uzubillahi! Yankan mace? Ai mushe ne wannan, 'yar nan. Ki zubar."

Salamatou ta dube ta, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke fita da hawaye. Ta bar aiki, ta bar takarda, don kada a kira shi da wannan sunan, ga shi kuma a bakin 'yan'uwa. Ta zuba a kwano ta zauna a kan tabarma a tsakiyar gida, inda kowa zai gan ta, ta yi bisimilla ta kai loma. Ta haɗiye. Ta ƙara wata.

A haka Mastura ta dawo daga wajen koyon ɗinki ta same ta. Ta dubi jakar kayan, ta dubi uwar a gida ranar aiki.

"Ummi, esh sar? Me ya faru?"

Salamatou ta gaya mata duka, tun daga igiya har fita ba dawowa. Ba ta rage ba, ba ta nemi a tausaya mata ba. Mastura ta zame ta zauna a bakin tabarmar. Ta daɗe tana kallon bangon gidan da aka haife ta. Matan gida sun leƙo ta labule suna jiran kuka.

Sai yarinyar ta jawo buta ta wanke hannu, ta matso, ta sa hannu a kwanon. Ta tauna a hankali, ta haɗiye.

"Ummi," ta ce da karyayyiyar Hausarta, "a Ƙonni, in an shiga gida, yaya ake gaida tsofaffi?"

Salamatou ta tura mata tsokar da ta fi girma.

"Sai kin durƙusa," ta ce. "Ci tukuna."