Kwalbar Kashin Jaririya

Ya ɗaga bakin ƙunzugun da yatsu biyu, ya leƙa. Kashin 'yarsa kore ne shar, ruwa-ruwa, ga wani ƙarni da ya ratsa ƙyallen da ya rufe hancinsa. Jaririyar tana kwance cikin akwatin gilashi, an rufe mata idanu, shuɗin hasken da ke maganin shawara yana sauka a jikinta.

"Ka dai gani da idonka," in ji mahaifiyarsa, tana warware zanen goyo. "Wutar nan dafa mata hanji take yi. Tun da aka kunna ta yarinya ke zawo. Gida zan tafi da ita."

"Inna, likita ta ce idan aka cire ta yanzu, shawarar na iya taɓa mata ƙwaƙwalwa. Ta ce hasken yakan saki ciki, amma za a auna kashin a ga ko hanjin ya kumbura."

"To, a auna. In ba a nuna min lafiyar hanjin nan yau ba, ba za ta kwana a nan ba."

Matarsa tana wani ɗaki tana fama da ɗinkin tiyata, saboda haka shi nas ta miƙa wa 'yar kwalba da cokalin roba.

"Angon ƙarni, aikinka ne. Ɗebi kaɗan ka kai ɗakin gwaji."

Shi kuwa mutum ne da ko hannun ƙofa ba ya kamawa sai ya goge. Ya sa safar hannu biyu, ya ɗiba yana kau da kai. A baranda ya hango ɗigo a jikin kwalbar. Ya ciro ruwan kashe ƙwayoyin cuta daga aljihu ya wanke bayanta. Duk da haka ransa bai kwanta ba, sai ya buɗe murfin ya tsiyaya kaɗan a ciki, don kada mai gwajin ya kwashi wata cuta.

Mai gwajin ya buɗe, ya yamutsa fuska.

"Malam, kashi aka aiko ka da shi ko turare? Wannan ya lalace. Kawo sabo kafin mu tashi, in ba haka ba sai gobe."

Da ya dawo, an riga an kwashe shara, an ɗaura wa jaririyar sabon ƙunzugu. Hannun Inna yana kan murfin akwatin.

"Me suka ce?"

"Ni na ɓata shi, Inna. Sai ta sake yi."

"Sannu, sarkin tsafta. To, matsa."

Bai matsa ba. Ya jawo kujera ya tare murfin da gwiwoyinsa, ya zura hannu ta kafar gefen akwatin ya sassauta ƙunzugun, ya kawo fuskarsa daf da gilashin, ya riƙe cokalin a shirye.

"Yi mana, Mamana," ya ce wa jaririyar a hankali. "Don Allah ki yi."